Jake Ɗin Da Ka Gani A Katin, Sunan Baba Ne

Yaya, sau uku na saurari saƙon muryar da ka turo kafin in iya zama in ba ka amsa. Na farko ina cikin bas zan tafi aikin dare, na biyu da na dawo da asuba, na uku kuma tare da maigidan, shi ne ya ce in bari sai zuciyata ta sauka. To ta sauka. Da yake kuma ba kai kaɗai ka yi maganar ba, na ga yadda aka yi ta juya ta a zauren dangi na WhatsApp, gara in amsa a fili kowa ya karanta.

Ka tambaya wane ne Jake da aka buga a katin bikin ɗana, ina aka kai sunan Baba, ko kuwa gaskiya ne mu da muka daɗe a Ingila sunayen Yahudu da Nasara muke raɗa wa 'ya'yanmu. Sannan ka rufe da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wannan ta ƙarshen ita ta hana ni barci.

Da farko dai ba "ja-ke" ake karanta shi ba, yadda aka karanta a zauren har ana raha da jaki. Gaɓa ɗaya ce, kamar ka ce "Jek" ka ɗan ja wasalin. Katin da ya iso gare ku kuma na dangin yarinyar ne da abokan aikinsa. Na gida yana nan tafe, da bisimilla a samansa.

Ka san matsayina da sunan nan. Sunan mahaifinmu ne, kuma a kan ɗan fari ya sauka, kunya biyu ke nan. Shekara 27 ban taɓa kama shi da bakina ba, ko a asibiti aka tambaye ni sai dai in miƙa kati ko in rubuta a takarda. Yau ma rubutawa zan yi, Inna ta yi haƙuri in an karanta mata. Sunan yaron nan Yakubu. Shi ne a takardar haihuwarsa, wadda dokar ƙasar nan ta ce a yi rajistarta cikin kwana 42, shi ne a fasfonsa, shi ne a takardar digirinsa da ke rataye a falona. Kai shaida ne, domin a ƙofar gidanmu na Zariya aka yanka ragon sunansa a Disambar 1998, kai ka raba goro, tunda nan ba a yanka dabba a gida. Mu kuma mutum 11 muka taru a ɗan falonmu na Manchester, sanyi kamar ya tsaga ƙashi, maigidan ya yi masa askin suna da hannunsa yana rawar ɗari don tsoron kada ya yanke shi.

A gida Abba muke ce masa, har gobe. Sai da ya shiga firamare muka gane Abba ba zai zauna a waje ba, saboda a kunnen Bature sunan wasu mawaƙa ne 'yan ƙasar Suwidin, duk wanda ya ji sai ya fara rera waƙarsu. Yaro ɗan shekara 5 ya riƙa dawowa da hawaye. Sunan yankan kuma malamansa suna faɗa, amma da ƙyar, kowa da inda yake karya shi. An yi wani lokaci, bayan Yakubu Aiyegbeni ya koma Everton a 2007 yana zura ƙwallaye, da yara suka koma ce masa Yak kamar yadda ake yi wa ɗan wasan kirari. Wannan bai daɗe ba, na kuma ji daɗi, don yak sunan wata saniyar duwatsu ce mai gashi.

Jake daga bakin wata tsohuwa maƙwabciyarmu ya fito, 'yar asalin Ailan, 'yar Katolika. A lokacin ina karatun aikin jinya, maigidan yana haɗa nasa karatun da aikin gadi, babu Inna, babu Gwaggo, babu ƙanwar da za a turo mini raino. Tsohuwar nan ita ke ɗauko shi daga makaranta. Da ta ji ba ma cin alade sai ta sayi tukunya sabuwa ta ware masa, ba tare da na roƙa ba. Wata rana ta tambaye ni me sunan yake nufi. Na ce mata sunan annabi ne, mahaifin wanda 'yan'uwansa suka jefa a rijiya, wanda ya yi ta kuka har idonsa ya yi fari. Ta tafa hannu ta ce ai Jacob ke nan, baban Joseph. Daga ranar ta koma ce masa Jake, yaran layi suka ɗauka, makaranta ta ɗauka. Ta rasu shekarun baya, yaron nan yana cikin waɗanda suka raka gawarta, ban kuma hana shi ba.

Ban tsaya a maganarta ba, sai da na bi diddigi, don ni ma a lokacin zuciyata ba ta kwanta ba. Asalin sunan Ibrananci ne, babu abin ɓoyewa a nan. Su Ya'aƙob suke cewa. Malaman nahawu ma ai ba su ce Larabci ne ba, cikin sunayen ajami suke lissafa shi tare da Ibrahim da Is'haƙ da Yusuf, shi ya sa ba ya ɗaukar tanwini. Ka fi ni sanin wannan, kai ka yi zaman zaure. Kalmar da ake danganta shi da ita a Ibrananci ita ce aƙeb, wato diddige. Labarin da ke cikin Attaurar da ke hannun Ahlul Kitabi shi ne matar Annabi Is'haƙa ta haifi tagwaye, Isuwa ya fara fitowa, na biyun ya biyo yana riƙe da diddigen ɗan'uwansa, aka sa masa Ya'aƙob. Ibn Kasir ya kawo wannan labari a ƙissoshin annabawa, ya jingina shi gare su.

Abin da ya kama ni shi ne kalmar ba baƙuwa ba ce a kunnena. Ibrananci da Larabci 'yan ɗaki ɗaya ne, haruffan nan uku, ain da ƙaf da ba, suna nan a duka biyun. Ka tuna malaminmu na Islamiyya in yana duba alwalarmu, yadda yake nuna bayan ƙafa da tsinin bulala yana cewa wailun lil a'aƙabi minan nar? A'aƙab ɗin nan diddige ne. Cikin sunayen Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, akwai Al-Aƙib, wanda ya zo daga ƙarshe babu annabi a bayansa. Hausarmu ma ta ɗebo daga wannan rijiyar: aƙiba da muke roƙon Allah ya kyautata mana, da uƙuba da muke neman tsari da ita, duk abin da ke biyo baya ne. Sai kuma ka buɗe Suratu Hudu aya ta 71, inda aka yi wa matar Annabi Ibrahim bushara da Is'haƙa, aka ce wa min wara'i Is'haƙa Ya'aƙub, a bayan Is'haƙa kuma Yakubu. Ranar da na haɗa waɗannan sai da na rufe Alƙur'anin na yi shiru na daɗe. Baba ya rasu a farkon 1998, ban samu zuwa jana'iza ba, yaron nan ya zo a ƙarshenta. A bayansa ya biyo.

Akwai fassarar da ba na so, ita ce kuwa Turawa suka fi bugawa a littattafansu na sunayen jarirai, wai mai ƙwace matsayin wani. Daga ƙorafin Isuwa suka samo ta, inda ya ce ƙanensa ya yi masa wayo har sau biyu. Mu ba ma jingina wa annabi yaudara, na kuma gaya wa yaron haka tun yana ƙarami. Masu binciken tsofaffin harsuna suna da wata magana da ta fi kwanta mini. Sun tarar da irin sunan a rubuce-rubucen zamanin da can da cikakken tsawonsa, Ya'aƙub-El, suna fassara shi da "Allah ya tsare", kamar mai bin bayanka yana kare ka.

Yadda ya zama Jake kuwa, hannu da hannu aka yi ta miƙa shi. Girkawa suka karɓa suka ce Yakobos, Rumawa suka ce Yakobus, suna fara rubuta shi da harafin I. Harafin J bai wani daɗe da rabuwa da I ba, Baibul ɗin Turancin da aka buga a 1611 bisa umarnin Sarki James ma Iacob ya rubuta. Bajamushe har yau in ya ga Jakob, Yakob zai karanta. Bakin Faransawa da na Ingilishi ne ya mayar da "ya" ta koma "ja", sauran sunayen duk suka bi sahu, Yusuf ya zama Joseph, Yunusa ya zama Jonah, Ayuba ya zama Job. Bature kuma ba ya barin suna da tsawonsa sai ya datse shi, Joseph ya koma Joe, Benjamin ya koma Ben, Jacob ya koma Jake. Wani reshen ya ɓalle tun a Latinanci, Yakobus ya zama Yakomus, ya ratso ta Faransa ya iso Ingila a matsayin James, daga shi aka samu Jim da Jimmy da Jamie. Shi ya sa magoya bayan Sarki James na biyu, wanda aka tumɓuke a 1688, ake ce musu Jacobites. Kiristocin Hausa sun huta da wannan rarrabuwa, a Littafi Mai Tsarki na Hausa da Jacob da James duk Yakubu ne.

Na san kalmar Yahudu ce ta tayar maka da hankali, ballantana da abin da ake gani a Gaza. Mu ma muna gani, Yaya. Mun fita titunan Manchester cikin ruwan sama saboda shi, da ni da yaron da kake magana a kansa. Amma in har zuwan suna ta hanyar Bani Isra'ila zai haramta shi, rabin unguwarmu za a sake wa suna, da Dauda da Sule da Haruna da Zakari da Iliya da Maryama. Sau 16 aka ambaci Annabi Yakubu a Alƙur'ani, daga bakinsa muka koyi fa sabrun jamil da muke faɗa a gidan makoki. Muhammadu Rumfa ɗan Sarkin Kano Yakubu ne. Wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu ya kafa Bauchi, har yau da sunansa ake yi wa garin kirari, Bauchin Yakubu.

Kuma kai da ke Zariya, Wusasa tana kusa da kai. Can Janar Yakubu Gowon ya tashi, ya yi Barewa, ya mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1975, abokansa na soja Jack suke ce masa. Ban taɓa jin wanda ya ce ya daina zama Yakubu ba. Jack ɗin ma a Turanci laƙabin John ne, wato Yahaya, kamar sauti ce kawai ta sa ya zauna masa. Na ɗana ya fi nasa komawa gida kai tsaye.

Wai ma wa ya kai Bahaushe juya suna? Balarabe ya sauka a Tudun Wada ya ji ana kiran Garba da Audu da Mamman da Iro da Sanda da Indo da Dije, ba zai taɓa zaton sunayen da ya sani ba ne. Nisan da ke tsakanin Abubakar da Garba ya fi wanda ke tsakanin Yakubu da Jake. Shi kansa sunan Baba ai mun cire masa ain, mun sassauta ƙaf ɗin, mun ƙara masa wasali a ƙarshe don ya zauna a bakinmu. Jikanka da ya ci sunan Baba, me ake ce masa a gidanka? Dadi. 'Yar ƙanwarmu mai sunan Inna, Momi ce. Ban ji an ɗaga murya a zauren dangi a kan waɗannan ba, alhali su ko asali ba su haɗa da sunan ba. A nan kuwa babu mai ɓoye sunansa don tsoro. Ƙididdigar hukuma ta 2023 ta nuna Muhammad ne sunan da aka fi raɗa wa jarirai maza a Ingila da Wales, a 2021 da 2022 kuma Noah ne a gaba, wato Nuhu.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Laƙabin nan ya rufa mini asiri. A wurin taron makaranta, a kanti, a filin ƙwallo, inda dole uwa ta ɗaga murya ta kira ɗanta, Jake nake cewa, kunyata tana nan daram. Aikin da Abba yake yi mini a cikin gida, shi Jake yake yi mini a waje.

Na kuma san ba sunan kaɗai ke damun ka ba, sunan da ke gefensa a katin ne. E, Baturiya ce, mutanen Bolton ne. Ba zan yi maka ƙarya in ce na yi guɗa ranar da ya faɗa mini ba. Na shiga ɗaki na yi kuka. Na so a yi tuwona maina, ka san ma wadda na daɗe ina hange a cikin gidanka. Amma ka dubi inda yaron ya tashi. Mu Hausawan nan ba mu kai Yarabawa ko 'yan Pakistan yawa ba, ranar Idi a filin shaƙatawa na Platt Fields sai ka yi ta dube-dube kafin ka hango hula zanna. 'Ya'yanmu sun auri Somaliyawa, sun auri 'yan Gambiya, sun auri 'yan Pakistan da Turawa. Masu komawa gida su ɗauko mata akwai su, wasu an dace, wasu kuma an haɗa mutum biyu da ko barkwancin juna ba sa ganewa. Hukuma ma ta ƙara tsananta abin, a Afrilun 2024 ta ɗaga samun da ake buƙata kafin a ɗauko mata ko miji daga waje zuwa fam 29,000 a shekara.

Yarinyar ba ta musulunta ba tukuna, ba zan rufe maka wannan ba, kuma aya ta 5 a Suratul Ma'ida, wadda ta halatta auren matan Ahlul Kitabi, ka fi ni haddarta. Tana tambaya, tana karatu, ta yi azumi tare da mu kwana da yawa a bara, ni kuma na ƙudurta ba zan matsa mata ta faɗi abin da bai kai zuciyarta ba don ta faranta mini. Addu'a nake yi, ku taya ni. Abin da al'ada ta ce kuwa ba mu bar ko ɗaya ba. Dattawanmu na nan sun je neman aure da goro da alewa, an yanka sadaki, mun haɗa lefe akwati shida, har uwar yarinyar ta rasa inda za ta ajiye su.

A wannan zaman ne mahaifinta ya miƙo hannu ya faɗi sunansa, ya ce Jim. Maigidan ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce masa ai kai ma mai sunan surukina ne. Yaya, tun daga ranar bakina ya kasa kama sunan mutumin nan. Baban yarinya nake ce masa. Matarsa ta zaci wani abu aka yi mini, sai da yaron ya zaunar da su ya yi musu bayanin alkunya da Turanci, tun daga ɗan fari har zuwa suruki. Ina zaune ina jin sa yana faɗa musu dalilin da ya sa mahaifiyarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, kuma bai kuskure ko ɗaya ba. Ban san ya lura ba duk shekarun nan.

Inda kake da gaskiya zan ba ka. Hausarsa ta yi rauni. Yana jin komai, har habaici, amma rabin amsarsa da Turanci take fitowa, ƙa da ɗa kuma ba sa zama masa daidai. Ina tsoron abin da zai rage a bakin jikokina, tsoron da ke tashi na da dare. Sai dai akwai rabonku a ciki. Zuwanmu na 2011, yana ɗan shekara 12, ya yi ta shiri da gaisuwarsa tun a jirgi. Ya durƙusa ya gaida kowa, aka kwashe da dariya, aka yi ta sa shi ya maimaita "ƙwarai" ana tafawa, aka koma ce masa Bature har muka taho. Babu wanda ya yi da mugunta, na sani. Amma yaron da ya shiga Zariya yana magana, shiru ya fito da ita, sai da na yi shekara biyu ina lallashi kafin ya sake amsa mini da Hausa. Har yau in dattijo ya shigo gidanmu yakan miƙe ya durƙusa, ba ya miƙa abu da hagu, ba ya haɗa ido da babansa in ana yi masa faɗa.

Ba mu muka fara nisa da gida ba. Waɗanda suka bi Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 suna can bakin kogin Nilu a Sudan, jikokin jikokinsu suna Larabci a kasuwa, Hausa a tsakar gida. Na zangon Kumasi suna can. In ɗayansu ya zo Kano ana jin bambancin harshensa, ana kuma ba shi tabarma a matsayin ɗan'uwa. Mu ma abin da muke roƙo ke nan. Shekara 28 ban taɓa barin Sallah ta wuce ban kira Inna ba, ban taɓa jin an yi rasuwa a unguwa na kasa zaman makoki a falona ba, ko da ni kaɗai ce da carbi. Mun binne mutum uku daga cikinmu a ƙasar nan, kowannensu da Hausa ya yi wasiyyarsa. In gida ya bar mu, to mu ba mu sake shi ba, kuma maganar ta yi mini ciwo ne saboda daga bakinka ta fito.

Ɗaurin auren a masallaci za a yi, bayan sallar Juma'a, washegari a je rajista. Yaron ya ce ba ya son kowa ya karɓa masa aure sai Kawunsa, don haka maigidan zai kira ka a kan takardar gayyata da maganar biza, ka fara neman fasfonka tun yanzu. Sannan babbar rigar Baba mai aska takwas da ke cikin adakar Inna, ita yake so ya sa ranar. Tsayinsu ɗaya, na auna da hoton da ke ɗakina. A kai ta wurin masu bugu kafin ka taho, ka kuma haɗo mini da kuka da daddawa. Kilishi kada ka saka, a filin jirgi za su karɓe.